Telar da Ta Ɗauki Kasuwarmu a Kanta

Duk wanda ya saba bi ta Layin Rumfa da sassafe ya san ƙofar da ake fara ɗagawa ba ta mai kifi ba ce, ba kuma ta mai burodi ba. Ta Tokie Murakoshi ce, mai gyaran tufafi, shagon da ke kusa da ƙarshe idan ka shigo ta wajen tashar jirgin ƙasa. Takan ɗaga ƙofar ƙarfen zuwa inda hannunta ya tsaya, sai ta ɗauko sanda ta ƙarasa turawa. Ta yayyafa ruwa a bakin shago, ta share nata ta haɗa da rabin na maƙwabci, sannan ta kunna 'yar rediyonta ta hau keken ɗinki. Shi ke nan sai yamma. Rage tsawon wando, canza zif, sassauta ƙugun siket na matar da ta rantse wanki ne ya tsuke shi. Bakinta kullum riƙe da allurai, don haka idan ka gaishe ta kai kawai take ɗaga maka.

'Yar ƙaramar mace ce, ta haura saba'in. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. Yaran layinmu kan rage gudu idan sun zo wucewa ta ƙofarta. Ni ma haka na yi ina yaro.

Sunana Noboru, ɗan mai shagon ganyen shayi. Na yi shekaru ina aiki a wani kamfanin talla a tsakiyar Osaka, da mahaifina ya rasu na dawo na karɓi shago, 'yan kwamiti kuma suka ɗora min duk abin da ya shafi tallan kasuwa. A layin nan aka haife ni. Da za a tambaye ni a farkon bana, da na ce babu abin da ke cikinsa da ban sani ba. Yanzu kuwa, ko na zauna rubuta wannan, sai in ajiye alƙalami in yi ta kallon bango.

Sai na fara da Gamazo.

Shekara talatin da wani abu da suka wuce aka buɗe katafaren kanti a ɗaya gefen tasha, mai hawa-hawa da sanyin na'ura da wurin ajiye motoci. Kasuwarmu ta fara mutuwa a tsaye. Yau wannan ya sauke ƙofa, gobe wancan. Shugaban 'yan kasuwa na lokacin, marigayi tsoho Hamazaki, ya ce tunda ba mu da sanyin na'ura, to mu nemi abin da su ba su da shi. Ya zana kwaɗo a bayan takardar naɗe kifi, don a harshenmu kalmar kwaɗo da kalmar dawowa ɗaya ce, shi kuma dawowar masu ciniki yake nema. Ya kai wa Tokie, ta ɗinka shi rigar da mutum zai shiga ciki, da soso da koren yadi: ƙaton kai, ƙaton ciki, idanu ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Aka sa masa suna Gamazo.

Tsoho Hamazaki ya gaya wa kowa cewa ya yi magana da wata ƙungiyar ɗaliban jami'a masu wasan kwaikwayo, su ne za su riƙa shiga rigar don koyon aiki. Rigar tana ajiye a shagon Tokie, ɗalibi zai shigo ta lungun baya ya saka, ya fito ta ƙofar gefe. Ba a leƙe, ba a tambaya. Dama a wurinmu ko yaro ya san amsar: babu kowa a ciki, Gamazo Gamazo ne. Ita kuwa Tokie, duk ranar da zai fita sai ta rufe shago. Ta ce hayaniyar yara tana sa mata ciwon kai, gara ta tafi gidan wanka na jama'a ta jiƙa ƙafafunta. Muka ce halinta ne.

Ban san yadda zan kwatanta Gamazo ga wanda bai gan shi ba. Ba ya magana, amma idan ya tsaya gaban tiren kifi ya dafe ciki ya langaɓar da kai, sai ka ga matan aure suna dariya suna buɗe jaka. Yana da wata faɗuwa tasa: yana cikin rawa sai ya zame ya zauna daɓas, ya mirgine, ƙafafu sama suna wutsil-wutsil, yara na ihun "Tashi, Gamazo, tashi!" har sai sun taru sun ja shi. Saboda wannan faɗuwar iyaye suka riƙa tsallake katafaren kantin su zo wurinmu ranar Asabar. Wanda kuma ya zo da yaro ba ya komawa hannu biyu.

Amma ba ranar Asabar kaɗai mutane ke tunawa ba.

Ranar da tsoho Iwase zai rufe shagon takalmansa na ƙarshe, ba wanda ya shirya komai. Mun ji kunyar kallonsa, kowa ya noƙe a shagonsa. Sai ga Gamazo ya fito, ba a ranar fitarsa ba, ya tako har gaban shagon, ya haɗa ƙafafu ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, har tsohon ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya rufe fuska da hularsa. Daga nan muka fito ɗaya bayan ɗaya muka jeru a bayan kwaɗon.

Shekarar da guguwa ta yaye rabin rufin layin, gari na wayewa aka ga Gamazo da tsintsiya yana share fasassun gilasai. Wani ɗan jarida ya ɗauki hoton, taimako ya yi ta zuwa daga garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba.

Rie Uematsu mai furanni ita ce ta fi kowa yawan ba da nata labarin. 'Yarta tana ƙarama aka kwantar da ita a asibiti da ciwon zuciya, ta daina cin abinci, ta daina magana da kowa. Wata rana da hantsi ma'aikatan jinya suka ji ana ta dariya a matattakala. Gamazo ne, tsoho Hamazaki ya kawo shi a bayan motar kaya. Kansa ya ƙi shiga lif, shi ya sa ya hau bene da ƙafa, har hawan da ake kwantar da yara. Ya zauna a gefen gado ya ɗauki cokali ya yi kamar zai cinye abincin yarinyar. Ta fizge cokalinta ta fara ci. Yau tana jami'a. Rie ta sha kai wa Tokie furanni ta ce a ba ɗalibin nan. Tokie takan karɓa ba tare da ta ɗago daga keke ba, ta ce, "Ajiye can."

Sai kuma Kaneshige mai kifi, mai ƙaton murya, wanda ya mayar da Gamazo abokin wasansa. Duk fitowa sai ya daki cikinsa da bayan hannu.

"Kai ɗan samari, har yanzu ba ka yi budurwa ba? Da wannan tumbin wa za ta kula ka?"

Gamazo ya rufe ido da hannu, kasuwa ta ɗauki dariya. Wani lokaci ya ja shi gefe ya rage murya, wadda ko ya rage ana ji daga tasha.

"Yaya kake fama da tsohuwar nan mai fuskar lemon tsami? Tana ba ka ko ruwa kuwa? Na rantse da ta yi murmushi sau ɗaya da ƙasa ta girgiza."

Gamazo ya gyaɗa ƙaton kansa kamar ya yarda.

Bayan rasuwar tsoho Hamazaki ni na gaje shi wajen raka Gamazo. Tokie takan ce min, "Nobo, yaron zai zo gobe. Ka jira a ƙofar gefe, kar ka leƙo, yana da kunya." Ni kuma na kawo abin da na koyo a cikin gari. Na buɗe masa shafi a waya, na sa hotonsa a jakunkuna da kwalayen alewa. 'Yan shekarun baya wani ya ɗauki bidiyonsa ya zame a matattakalar wurin bauta ya gangaro har ƙasa, ya tashi ya ɗaga hannu ɗaya yana rangaji. Bidiyon ya zaga ƙasar nan kaf. Matasa suka riƙa hawo jirgi daga Tokyo don su yi hoto da shi. Ban taɓa yin tallan da ya kai wannan ba, kuma ba ni na yi shi ba.

A bana ne kwamiti ya zauna kan makomarsa. Zafin shekarun nan ya wuce misali, ana ta jin labarin masu shiga irin wannan riga suna sumewa a wasu garuruwa. Kasuwanni da yawa sun koma zane mai motsi a allo, wanda ke magana da muryar na'ura, ba ya gumi, ba ya gajiya. Na kawo shawarar mu ma mu yi haka kafin mu kashe ɗan mutane. Kowa ya yarda. Aka ce bikin Agusta shi ne fitarsa ta ƙarshe. Tokie na zaune a ƙarshen tebur tana warware wani ɗinki.

"Tokie-san, sai ki sanar da ɗaliban, ki yi mana godiya," na ce, na haɗa da "san" ɗin da muke girmama mutum da shi.

"To," ta ce.

Ranar bikin rufin layin ya riƙe zafi kamar murfin tukunya. Na ƙwanƙwasa ƙofar gefe na ce, "Ɗan samari, in ya yi yawa a fasa, ba wanda zai ga laifinka." Ƙofa ta buɗe, Gamazo ya fito, ya daki cikinsa ya wuce ni. Ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa, har waɗanda aka daɗe da rufewa. Da ya iso tsakiyar layi masu ganga suka ɗauka, ya fara rawa. Can sai ya zame ya zauna, ya mirgine.

Dariya ta tashi. Yara suka fara, "Tashi, Gamazo, tashi!" Wayoyi duk sun yi sama. Ni ma ina dariya. Sai na ji Rie ta damƙi hannuna.

"Noboru-san, ƙafafun ba sa motsi."

Muka kutsa, ni da Kaneshige da wasu maza biyu. Mun shirya ɗaukar saurayi, kowa ya ɗaure ƙugu. Abin da ya fara tsorata ni rashin nauyi ne. Muka ɗaga shi sama kamar kwandon da ba komai a ciki. Muka shige shagon kifi da shi, aka ja labule, aka kwantar da shi kusa da ƙanƙara.

"Yi haƙuri, ɗan samari," in ji Kaneshige yana laluben maɓallan wuya, "yau dai sai mun ga fuskarka."

Ya ja kan ya fita.

Farin gashi ne, jiƙe sharkaf, manne da fatar kai. Tawul ɗaure a goshi. Tabarau da aka ɗaure da roba ta ƙeya don kada ya faɗi. Fuskar ta yi ja, baki a buɗe.

Gangunan waje suna ta tafiya, mu kuwa kamar an zare mana lakka. Kaneshige ya zauna a jiƙaƙƙen siminti da ƙaton kan a cinyarsa.

"A'a," ya ce. "A'a, a'a. Ina yaron?"

Ya juya kan kwaɗon ya leƙa cikinsa, kamar ɗalibin yana can ya maƙale.

Rie ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta daka mana tsawa mu kira motar asibiti, ta zuge bayan rigar. A ciki, jikin tsohuwar ɗaure yake da ledojin ƙanƙara da suka narke tuntuni suka koma ruwan ɗumi. Gwiwoyi biyu naɗe da bandeji, ƙugu ɗaure da irin bel ɗin masu ciwon baya. Muka yi ta kwaso ƙanƙarar kifi muna zuba mata a wuya da hammata. Wani ya ciro waya ya kira motar, ya yi bayani.

Can ta buɗe ido. Ta kalli rufi, ta kalle mu, ta kai hannu ta taɓa fuskarta.

"Wa ya cire?" Muryar da ƙyar take fita.

"Inna, kwanta, mota na zuwa," in ji Rie.

"Ku mayar min. Yara na waje."

Wannan maganar ce ta karya Kaneshige. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko a jana'izar matarsa ya kifa fuska a kan kwaɗon yana kuka kamar saniya.

Ta lungun baya aka fita da ita. Amma a gaban shago yara sun cika, wasu na kuka, wani na tambayar uwarsa ko Gamazo ya mutu. Muka dubi rigar da ke yashe a ƙasa. Sai a lokacin muka lura da ƙanƙantarta. Shekara da shekaru muna cewa ɗaliban nan duk gajeru ake turowa. Babu namijin da za ta yi wa a cikinmu. Rie ta cire takalmanta, ta zura ƙafa cikin rigar da ke jiƙe da gumin wata.

Ta fita ta ɗaga hannu, ihun yara ya kusa ɗage rufi. Ta taka zuwa shagon burodi ta dawo, iyakarta ke nan. Muna cire mata kan ta durƙushe tana haki, gashi ya manne mata a fuska.

"Ba a ganin komai," ta ce. "Ta bakin kawai ake gani, ƙafafun mutane kawai. Kuma nauyin duk a wuya yake." Ta ɗago ta kalle ni, idonta ya yi waje. "Noboru-san, a haka ta hau benen asibiti? A haka ta je wurin 'yata? Ni kuma ina kai mata furanni in ce ta ba wani?"

Tokie-san, ke ce kika sunkuya wa tsoho Iwase ranar da duk muka ɓuya. Ke ce kika share gilasan guguwa da hannun soso. Ke ce muke wucewa kullum mu ajiye miki wando mu ce "zuwa Laraba," ba mu ko tsaya jin amsa ba. Kowane gida a unguwar nan akwai hotonki a bango, kina rungume da 'ya'yanmu, kuma babu gida ɗaya da ya san ke ce.

Da likita ya yarda a gan ta, muka je ni da Kaneshige. Ya sayi kankana mafi tsada a layin, ya riƙe ta a ƙirji ya laɓe a bayana, ƙaton mutum. Tana zaune a gado ana mata ƙarin ruwa, tana duban ɗinkin labulen asibitin da alamar bai yi mata ba.

"Kaneshige-san, shigo mana," ta ce. "Ko tsoron mai fuskar lemon tsami kake?"

Ya ajiye kankanar ya zube a ƙasa, goshi a tayil.

"Inna, ki kashe ni kawai, ya fi min sauƙi."

"Tashi, kana tare wa masu jinya hanya. Budurwar da kake ta tambaya kuma, har yanzu ban samu ba."

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ɗalibi na gaske ya taɓa zuwa, sau ɗaya, ranar farko. Bai daɗe a ciki ba ya fito ya yi amai a lungu ya gudu. Jama'a na jira, an riga an raba takardun talla, tsoho Hamazaki na neman ya yi hauka. Ita ta ɗinka rigar, ta san inda ake numfashi, sai ta ce ya juya baya ta saka.

"Na ce na yau kawai. Ina fita na taka ƙafar rigar na faɗi. Na ce shi ke nan na kunyata kasuwa. Sai na ji dariya, sai na ji ƙananan hannuwa suna ja na." Ta murza bakin bargo. "Lokacin bai fi shekara da rasuwar maigidana ba. Duk wanda ya kalle ni sai ya rage murya ya langaɓar da kai. Na gaji da wannan kallon. A cikin kwaɗon ba wanda yake tausayina. Dukana ma ake yi."

Kaneshige ya sake yin wani gurnani daga ƙasa.

"Me ya sa ba ki faɗa ba ko bayan rasuwar shugaba?" na ce.

"In faɗa ku hana ni? Wa zai bar tsohuwa ta yi ta mirgina a titi? Kuma wa zai yi dariya in ya san ni ce? Kuna sani, tallan ya mutu."

Na ce aƙalla dai ta iya faɗuwar, ta san yadda ake yi ba a ji ciwo ba. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Da can na iya. Shekarun nan na baya ba da gangan nake faɗuwa ba, Nobo. Ƙafar ce take tafiya, ni kuma in bi ta."

Na tuna bidiyon matattakala, da hannu ɗayan da Gamazo ya ɗaga. Na tuna a makon nan Tokie ta buɗe shago da filasta a hannun hagu, ta ce santsin gidan wanka ne, har muka yi ta mata faɗa ta riƙa kula a shekarunta. Mutane bila adadin sun kalli tsohuwa tana karya hannu suna dariya har da hawaye. Na ciro waya na ce yanzu zan goge shi.

"Kar ka soma," ta ce. "Ya kawo mutane ko bai kawo ba?"

"Ya kawo."

"To bar shi ya yi aikinsa. Hannun ya riga ya warke."

A sana'armu ta talla kullum ana neman yadda za a sa mutane su so wani suna har su tsallake mai araha su zo gare shi. Ana kiran taro a kai, ana kawo sabon salo duk shekara, kuma da yawa suna aiki, ban raina su ba. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da namu sunan yake ci ba. Ashe gwiwoyin mace ɗaya yake ci, da wuyanta, da duk Asabar ɗin rayuwarta.

Likita ya ce ita da rigar har abada. Ba ta yi musu ba, wanda ya nuna mana irin jikin da ta ji. Gamazon allo ya fara aiki a bakin layi, yana gaishe da mutane yana faɗin abin da aka rage wa kuɗi, kuma yara na son shi. Amma kwamiti ya sake zama, aka ce mai rai ba zai mutu ba. Zai riƙa fita a watannin sanyi kaɗai, na ɗan lokaci, kuma mu 'yan kasuwa za mu riƙa karɓa-karɓa. Kaneshige ne ya fara ɗaga hannu. Tokie ta auna ƙugunsa da tef ta ce yadin da zai ci ya isa labulen gidan sinima, ya je ya rage shan giya tukuna. Da na nemi izinin rubuta wannan, ta ce in rubuta a inda manya kaɗai ke karantawa, kuma duk wanda ya gaya wa yaro, kada ya ƙara kawo mata wando.

Tokie-san, mun gode. Na faɗa da bakin masu shagunan da ba su rufe ba, da bakin yaran da suka girma suka kawo nasu yaran. Mai ɗaukar kaya ba a ga fuskarta ba, mun gode. Ba mu da abin da za mu biya ki da shi, kuma na san ko mun kawo za ki ce a ajiye can. Ku kuma da kuke karantawa, ban ce kowa ya shiga rigar soso ba. Amma a kowane layi da kowace ma'aikata akwai aikin da ake bukata wanda ba a rubuta sunan mai yinsa. In ya faɗo gabanku, ku ɗauka. In kuma wani ne yake ɗauke da shi, ku nemi sanin ko wane ne tun yana tsaye da ƙafafunsa.

Asabar ɗin farko ta Nuwamba Gamazo ya sake fitowa, Rie ce a ciki. Tokie ba ta rufe shago ba. Na fito mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna da bargo a gwiwa. Ya taho daga can ƙarshen layi yana rangaji, yara na bin sa kamar kaji. Na sa ran za ta fara gyara, ta ce ƙafar ba haka ba, hannun ya yi ƙasa. Amma ba ta gyara komai ba. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ban taɓa ganinsa yana tafiya ba," ta ce a hankali. "Kullum a rataye nake ganinsa."

Na sunkuyo zan ce wani abu, ta ture ni da gwiwar hannu.

"Matsa, Nobo, kana tare min."

Ta ɗaga hannu sama, iyakar inda yake kaiwa, tana yi masa alama ya zo.